Yadda Ake Koyar da Rawar Wols ga Wadda Ba Ta Taɓa Takawa Ba

Duk 'yar'uwar da ta ji cewa koyar da rawar bolrum ce sana'ata a nan arewacin Ingila, tambaya biyu take jero mini: yaya ake koyarwa, kuma me kike samu a ciki? Amsar ta biyun tana kwance cikin ta farkon, don haka zan bi aikin daki-daki yadda nake yin sa, tun daga ranar da ɗaliba ta fara leƙo zaure har ranar da za ta shiga fili ba tare da ni ba. Da ke nake, ke da kika riga kika iya takawa, kike tunanin tsayawa a gaban aji.

Ga wadda abin ya zame wa baƙo: bolrum rawa ce ta mutum biyu riƙe da juna, ɗaya na jagora, ɗaya na bi, suna kewaya zaure. A tsarin Ingila, wanda da shi ake gasa a duniya, guda biyar ne ake yi ba a saki juna: wols, tango, wols ɗin Biyana, fokstirot da kwikistef. Akwai wasu biyar na ɓangaren Latin, irin su rumba da samba, amma su kasuwarsu daban. Ƙungiyar malaman rawa ta ISTD, wadda aka kafa a Landan a 1904, ta buɗe reshen bolrum a 1924, inda malamai irin su Josephine Bradley da Victor Silvester suka zauna suka tsara kowane taku a rubuce: ina ƙafa za ta sauka, wane sashe nata zai fara taɓa ƙasa, jiki zai juya har ina. Kan wannan tubali muke karantarwa har gobe.

Bari in fara da maganar da na san tana ranki. Namiji da mace riƙe da juna a bainar jama'a ba abu ne da aka rene mu a kai ba. Turawan ma ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba. A 1816 jaridar The Times ta Landan ta yi tir da wols bayan an taka ta a wata liyafar gidan sarauta, har ta ja kunnen iyaye su killace 'ya'yansu mata. Ni ga iyakar da na shata wa kaina: ajina na mata ne zalla, sai ma'aurata da nake koya wa a keɓe, miji da matarsa. Ba na riƙe namiji. Ki zauna ki shata taki iyakar kafin ki buga sanarwa, ki tuntuɓi malaman da kika amince da su, sannan ki gaya wa ɗalibai ƙarara tun ranar farko, domin sauya doka bayan an saba shi ke haddasa ɓacin rai. Iyakar nan ba ta tauye mini sana'a ba. A zaurukan ƙasar nan mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, kuma ganin mace da mace suna rawa tare ba ya ɗaga wa kowa gira.

Ki iya ɓangarorin biyu

Mai rawa ɓangare ɗaya ya ishe ta. Malama dole ta haddace biyun, na jagora da na mai bi, ta iya taka kowanne ita kaɗai tana faɗin abin da ƙafarta ke yi. Haka jarrabawar malanta take, ko a ISTD kika zauna ta ko a IDTA, wata ƙungiyar malaman rawa ta daban: mai jarrabawa zai ce ki taka juyin dama a matsayin namiji, ki sake a matsayin mace, ki faɗi inda kike fuskanta a kowane taku. Kada ki ɗauki wannan a matsayin wahalar neman takarda kawai. Ranar da na fara jagora na gane abin da jagora ke ji a hannunsa idan mai bi ta sakar masa nauyinta, da irin fargabar mai tura wani da baya cikin cunkoso alhali shi kaɗai ke ganin hanya. Wadda ba ta ɗanɗana wannan ba, kullum laifin ɓangare ɗaya za ta riƙa gani.

Zaure kuma ki nemi mai daɓen katako, mai ɗan bayarwa a ƙarƙashin ƙafa. Siminti da tayil suna cin gwiwa, taki ma kafin ta ɗalibai, tunda ke ce mai wuni a kai. Takalmin rawa ƙasansa fata ce mai laushi da ake kartawa da ɗan burushin waya idan ta yi santsi, amma kada ki sa kowa ya saya a makon farko. Duk takalmi mai ɗaure ƙafa, marar roba mai kama ƙasa, ya wadatar. Silifas ne kawai nake hanawa. Idan a Ingila kike, ki tabbatar kina da inshora, zauren yana da lasisin kunna kiɗa ga jama'a, kuma an yi miki binciken DBS, wato binciken hukuma kan ko mutum yana da tarihin aikata laifi, in har za ki koyar da yara.

Darasin farko: kada ki fara da taku

Mutane suna zuwa ne su koyi inda za su ajiye ƙafa. Ki jinkirta musu wannan na minti goma sha biyar. Ki tsayar da su, ƙafafu a haɗe, ki ce kowa ta ɗora dukkan nauyinta a ƙafar hagu har ta iya ɗaga ta dama, sannan ta mayar. Su yi ta yi. Za su ga kamar kin raina musu hankali, amma rawar gaba ɗaya a nan take: a kowane bugu, nauyi yana kan ƙafa ɗaya tak, ɗayar kuma a sake take tana jiran aiki. Wadda ta raba nauyinta biyu ba ta san ƙafar da za ta ɗaga ba, abokiyar rawarta ma ba za ta sani ba.

Daga nan sai kiɗa. Wols bugu uku ne, na farkon ya fi nauyi: ƊAYA, biyu, uku. Ana buga ta da gaɓa 28 zuwa 30 a minti ɗaya, kowace gaɓa bugu uku, wato bugu 84 zuwa 90. Ta Biyana ninkin wannan ce a sauri, shi ya sa ba a nuna wa sabon shiga ita. Ki kunna, ki sa su tafa a kan "ɗaya" kaɗai, sannan su zagaya zaure da tafiya irin ta yau da kullum, taku ɗaya kan bugu ɗaya. A nan za ki ji wata ta ce ita kunnenta ba ya jin kiɗa. Kada ki yi mata musu. Ki tsaya gefenta ku yi tafiyar tare, kafaɗa da kafaɗa, ki bar jikinki ya ja nata. Da wuya a kai ƙarshen zaure ba ta kama ba.

Tsayuwa kuwa, mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ki tuna mace ɗauke da tulu a ka: wuya a miƙe, kafaɗu a sake, ƙugu a ƙarƙashin ƙirji, gwiwa na shanye kowane gargada don kada ruwa ya zube. Tsayuwar wols ke nan. Ina gaya wa Turawan ajina haka, in ɗora musu littafi a ka, su ma su gane.

Sai yanzu taku. Jagora: hagu gaba, dama gefe, hagu ta haɗe. Dama baya, hagu gefe, dama ta haɗe. Taku shida ke nan, sun zana murabba'i a ƙasa. Mai bi akasin haka take yi, ta fara da dama baya. Kowa ya koyi duka biyun, a jere, suna kallon bayanki, kafin a haɗa su bibbiyu. Idonki ya tsaya kan bugu na uku, domin a nan kusan kowa ke tuntuɓe: sai ta haɗe ƙafa amma ba ta sauya nauyi ba, ta sake tashi da ƙafar da ta gama aiki. Maimakon "uku", ki riƙa cewa "sauya": ɗaya, biyu, sauya. Idan ya zauna, ki koma ƙirga ta asali.

Tafiya da baya tana bukatar lokacinta daban, tunda ba wanda ya saba da ita. Ƙafa daga ƙugu take miƙewa, yatsu su fara taɓa ƙasa can baya, diddige ya sauka a hankali lokacin da ɗayar ƙafar ke wucewa. Wadda ta jefa diddige da wuri za ta faɗa baya ta janyo abokiyarta. Mai tafiya gaba kuma da diddige take shiga bugun farko, kamar tafiyar titi.

Riƙo

Kada ki kai su cikakken riƙo a ranar farko. Su fuskanci juna, kowace ta dafa damtsen 'yar'uwarta, su taka murabba'in a haka. Idan sun daina karo, sai ki gina na ainihi: hannun hagu na jagora ya riƙe na daman mai bi daidai tsayin ido, na damanta ya kwanta a kan allon kafaɗar hagu na mai bi, ita kuma mai bi ta ɗora hannun hagunta a saman damtsen jagora. Gwiwar hannu a ɗage, ba a bari ta zube. Mai bi tana ɗan gocewa zuwa daman jagora, tana kallon hagunta ta saman kafaɗar abokiyarta. Wannan gociya ita ke hana take ƙafa, saboda ƙafar daman kowace tana nufar tsakanin ƙafafun ɗayar. Sabuwar jagora, don tsoron kada ta taka mutum, sai ta riƙa buɗe ƙafa tana kewaye, kuma a nan ne take takawa. Ki ce ta nufi abokiyarta kai tsaye. Ƙafar da take tsoro ta riga ta bar wurin.

A nan aikin ya fara zama abin da ya riƙe ni a cikinsa. Ina rawa da kowace ɗaliba a kowane darasi, ko da zagaye ɗaya ne, kuma tafin hannuna da ke bayanta yana gaya mini abin da bakinta bai faɗa ba. Wadda ta kwana ba barci, bayanta a sandare yake. Wadda ta saba ɗaukar nauyin gida ita kaɗai ba ta iya jira, tana riga ni takawa, domin ta manta rabon da wani ya ce mata "bari, ni zan yi". Wata kuma da na riƙe ta sai in ji ta sauke numfashi mai tsawo, daga baya in ji cewa ita kaɗai take zaune, daga wannan darasi sai na mako mai zuwa kafin wani ya sake taɓa hannunta. Ba na tambaya, ba na kuma faɗin abin da na ji. Ki riƙe wannan amana da kyau. Mutum ya ba ki bayansa, ya yarda ki tura shi inda ba ya gani. Abin da kika tsinta a can ba na hira ba ne.

Jagoranci da jiki ake yin sa. Hannu firam ne kawai, ba ya turawa, ba ya ja. Jagora ta ɗan sassauta gwiwar ƙafar da take tsaye a kai, jikinta ya fara tafiya kafin ƙafarta, mai bi ta ji wannan ta miƙa tata ƙafar. Don su gane, ina sa mai bi ta rufe ido, in kashe kiɗa, in ce jagora ta taka lokacin da ta ga dama, ta tsaya lokacin da ta ga dama. Zauren yakan yi tsit, sai ƙarar takalma. Minti biyar na wannan ya fi rabin awa na bayani.

Akwai wata dattijuwa Baturiya da ta zo mini bayan rasuwar mijinta. Tun suna saurayi da budurwa suke rawa tare, ta fi ni sanin daɗin wols, amma duk rayuwarta mai bi ce. Na haɗa ta da wata matashiya sabuwar shiga, na roƙe ta ta yi jagora. Ta ɗaga hannun dama yadda ta saba, na sauke shi na ɗaga mata na hagu. Ta tsaya shiru tana kallon hannun. Da aka kunna kiɗa ta taka, suka yi karo, ta sake, suka tafi. Bayan darasi tana ɗaure igiyar takalmi ta ce mini ashe haka mijinta yake ta lissafin hanya duk shekarun nan, yana kauce mata da mutane, ita ba ta sani ba. Yanzu ita ce mai karɓar sababbi a ajin. Duk wadda ta shigo tana rawar jiki, wajenta nake kai ta.

Idan miji da mata ne

Wannan darasi dabararsa daban, tunda ba na riƙe mijin. Ina tsayawa gefensa ina taka nasa ɓangaren yana kwaikwayo, sannan in karɓi matar in yi mata jagora don jikinta ya san yadda abin ya kamata ya kasance, in mayar masa da ita. Ba sai na taɓa shi ba kafin in san inda ya kuskure. Kafaɗar matar da diddigenta za su nuna mini. Idan kafaɗarta ta ɗage, yana matse ta. Idan tana ƙananan taku a gaggauce, ƙafarsa na riga jikinsa.

Doka ɗaya nake kafawa tun a bakin ƙofa: a zauren nan ni kaɗai ke gyara. Miji ba ya gyara wa mata, mata ba ta gyara wa miji. Ba don haka ba, rikicin gida ne zai biyo su fili. Wasu dattawa 'yan ƙasarmu, da 'yarsu ta biya musu darasi, sun nuna mini amfanin dokar. Maigidan ya shigo yana cewa shi dai rakiya ya yi. Da suka fara, sai ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi yana kallon ƙasa, uwargidan na danne dariya. Na ce, "Baba, a bar mini ƙirgar, a ɗaga kai a dubi agogon bangon can." Ya ce, "To, Malama." Ya ɗaga kai, suka yi murabba'i huɗu ba tuntuɓe. Uwargidan ta ce, "Alhaji, ashe ka iya." Ya ce, "Hajiya, ke ce dai ba ki da nauyi." Na juya na shiga gyaran na'urar kiɗa, na ba su wuri.

Daga murabba'i zuwa kewaya zaure

Murabba'i a wuri ɗaya yake tsayawa, wols kuwa tafiya ce. Wajen mako na uku ki buɗe shi: jagora ta yi gaba, gefe, haɗe da hagu, ta sake gaba, gefe, haɗe da dama, ba komawa baya; wannan taku shi ake kira canji. Kowa na bin gefen bango, akasin yadda hannun agogo ke juyawa; masu sauri a waje, masu koyo can ciki. Sannan juyi. Na dama da ƙafar dama yake farawa, na hagu da ƙafar hagu, kowanne taku shida ne da ke juya mutum kashi uku cikin huɗu na da'ira. Idan kika jera canji da hagu, juyin dama, canji da dama, juyin hagu, kin ba su abin da za su zagaya kowane zaure da shi.

Tashi da sauka, wanda shi ke ba wols kyanta, shi nake bari ƙarshe. Ana fara ɗagowa a ƙarshen bugu na ɗaya, a ci gaba a kan yatsu a na biyu da na uku, a sauke diddige a ƙarshen na uku. Idan kika koyar da shi da wuri, tsalle za su riƙa yi. Ki jira sai ƙafa ta daina tunani. Sau da yawa ma za ki ga ya fara fitowa da kansa, ke dai ki sa masa suna.

Wajen gyara, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idonki zai ga kurakurai bakwai; ki zaɓi wanda in ya gyaru zai tafi da uku, galibi tsayuwa ce ko sauya nauyi. Ki faɗi abin da za a yi, kada ki tsaya kan abin da aka ɓata. Kuma kada ki kwaikwayi kuskuren ɗaliba a gaban aji don a yi dariya. Babbar mace da ta ajiye girmanta ta zo tana tuntuɓe a gaban baƙi ta riga ta biya farashi mai tsada, in kika kunyata ta sau ɗaya ba za ki sake ganin ta ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Za ki ji ana yawan ambaton amfanin rawa ga lafiya. Wani bincike da aka yi a New York kan tsofaffi, aka buga a mujallar likitoci ta New England a 2003, ya samu cewa masu yawan rawa ba su cika kamuwa da cutar mantuwa kamar sauran ba. Alaƙa ya nuna, bai ce magani ba ce, don haka kada ki sayar da ajinki da alkawarin waraka. Ni abin da ya fi kama hankalina shi ne aikin Pierre Dulaine, haifaffen Jaffa, wanda ya fara kai bolrum makarantun gwamnati na New York a 1994, yana koya wa yara 'yan shekara goma yadda za su tsaya a gaban juna, su miƙa hannu da ladabi, su yi godiya bayan an gama. Abin da nake koyarwa ke nan ni ma, ko da ɗalibata ta haura saba'in. Kuɗin sana'ar ba yawa, gwiwa da baya suna karɓar rabonsu, kuma duk lokacin kaka, idan gasar rawa ta talabijin ɗin BBC ta dawo, aji yakan cika da masu son su zama gwanaye cikin wata guda, rabinsu su watse kafin sanyi ya wuce. Waɗanda suka rage su ne nawa. Ladana shi ne lokacin da na ga mace ta daina motsa leɓe tana ƙirga, ta ɗago kai, ta ce wa abokiyar rawarta wani abu suka yi dariya, ƙafafunsu na ci gaba da aiki ba su sani ba.

Idan sun kai nan, ki fitar da su daga zaurenki. Mu nan Blackpool muke zuwa, garin da ake babbar gasar bolrum tun 1920 a zauren Empress. Ba gasar nake kai su ba. Zauren rawa na Hasumiyar Blackpool muke shiga da rana, inda ake shan shayi ana rawa, mai kiɗa na buga tsohuwar ogan ɗin Wurlitzer da ke fitowa daga ƙarƙashin dandamali. Daɓen katakon wurin yana da faɗi da santsi fiye da wanda suka saba, don haka ki sa su karce ƙasan takalmi kafin su shiga, su fara da ƙananan taku. Ki gaya musu in sun yi karo da wasu su ba da haƙuri su ci gaba, in sun ɓata su tsaya su jira "ɗaya" mai zuwa. Ke kuma ki nemi kujera ki zauna, ki riƙe musu jakunkuna, kada ki gyara wa kowa komai ranar. Abin da kika hango ki rubuta a ɗan littafinki, ki ajiye sai darasi na gaba, wanda a shi za ki fara nuna musu kwikistef. Tango da wols ɗin Biyana su jira sai an shekara.